Idan Za Ki Amurka Jegon Ɗiyarki, Ga Abin Da Za Ki Sa Wa Ido

Ranar Talatar da ta wuce wata maƙwabciyata a nan Mabera ta shigo mini da takarda a hannu. Biza ta fito, ɗiyarta na da cikin wata takwas a Amurka. Ta zauna ta karanto mini abin da ta tanada: surfaffen gero, kanwa, yaji, daddawa, kuka, busasshen ganyen darbejiya, turaren wuta, da atamfofin fitar suna. Ta ce, "Hajiya, ke da kin taɓa zuwa, mi nim mance?"

Na ce kin mance abin awon jini.

Ta yi dariya har da tafa hannu. Wai a Amurka, ƙasar da likita ya kusa fin majinyaci yawa, ita za ta je da abin awon jini daga Sakkwato? Ban ga laifinta ba, don ni ma da wannan tunanin na hau jirgi a 2023, ni da na yi shekara 33 ina karɓar haihuwa a asibitin gwamnati. Na ɗauka hutu zan je, in yi wa jika wanka, in dama kunu, in dawo da tsaraba. Abin da na tarar shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don ita da duk wadda ke haɗa jaka irin tata.

Kada in tsorata ki a banza. Haihuwa a can ba ta kama ƙafar haihuwa a nan wajen haɗari ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce a Najeriya mace 993 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000. A Amurka a wannan shekarar abin bai kai 19 ba. Sai dai cikin ƙasashe masu arziki ita ce a baya, don akwai ƙasashen Turai irin su Norwe da adadinsu bai kai 10 ba. A 2021, da annobar korona ta haɗu da abin, mata 1,205 Amurka ta rasa ta dalilin ciki da haihuwa. Kuma mutuwar ba ta raba daidai. A 2023 adadin baƙar mace ya kai 50 cikin 100,000, na farar mace bai cika 15 ba. Ɗiyarki a nan Bahaushiya ce ko Bafulatana, 'yar gidan wane, jikar wane. Ranar da ta shiga asibitin can, baƙar mace ce kawai. Ilimi ma bai fitar da ita ba: hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta nuna baƙar mace mai digiri ta fi farar da ba ta gama sakandare ba shiga wannan haɗari.

Ga wanda ya fi shafar ki. Da kwamitocin da ke bin diddigin irin wannan mutuwa suka duba ta shekarun 2017 zuwa 2019, sun ga fiye da 80 cikin 100 da an iya kare ta, kuma fiye da rabi ta faru ne daga kwana 7 bayan haihuwa zuwa shekara guda. Wato bayan an sallame ta, an yi barka, kowa ya koma harkarsa. A can mace na fita asibiti bayan kwana 2, in an yi mata aiki kwana 3 ko 4. Babu dokar ƙasa da ta tilasta a biya miji ko mata albashin hutun haihuwa, hutun mako 12 da doka ta bayar ba albashi a cikinsa, don haka miji kan koma aiki da wuri. Babu kishiya, babu facala, babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga. Ke kaɗai ce idon da ya rage a gidan.

Tun kina gida

Ki fara aiki ta waya kafin ki tashi. Ki tambaye ta nawa jininta ya nuna a awon da ya wuce, lamba za ta faɗa miki, ba "lafiya lau" ba. Ki tambaye ta ko likitarta ta san tarihin gidanku. Mu ba mu saba tona irin wannan ba, amma ran wanka ba a ɓoyon cibi. In ke kin taɓa jijjiga a haihuwa, ko yayarta ta yi, ko akwai hawan jini, ciwon suga, sikila, ko wata ta taɓa kumbura ta kama haki bayan haihuwa, ki faɗa mata ta kai wa likita. Da yawa cikin yaranmu ba su san yadda aka haife su ba, don ba mu taɓa ba su labari ba. In cikin bai tsufa ba, ta tambayi likita ko tana cikin waɗanda ake ba ƙaramin asfirin, mai miligiram 81, daga mako 12, don rage haɗarin hawan jinin ciki. Cikin fari, shekara 35 zuwa sama, ƙiba, tagwaye, duk suna cikin abin da ake dubawa. Likita ke yanke wannan, kada ki sayo mata a kemis.

Ki tambayi mijin batun inshora, ko da kuwa da nauyin suruki. Ba kuɗinsa kike bincike ba. Abin da kike so ki sani shi ne har yaushe inshorar za ta ɗauki nauyinta bayan haihuwa. Shirin gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, Medicaid, wanda ke biyan kusan haihuwa 4 cikin 10 a ƙasar, da can kwana 60 yake yanke wa mai jego. Daga 2022 aka ba jihohi damar kai shi wata 12, kuma kusan duka sun yi. A sani tun da wuri, don tsoron takardar biyan kuɗi na hana mutanenmu zuwa asibiti a can fiye da yadda rashin mota ke hana mu a nan.

Kayan jaka kuwa, kilishi da duk wani nama ki bar shi, kwastan ɗinsu za su karɓe. Sauran abinci ki faɗa musu kina ɗauke da shi in sun tambaya. Turaren wuta ki je da shi in kina so, amma gidajensu na da abin jin hayaƙi a silin, ranar da na fara turara ɗakin mai jego ihunsa ya tashi jaririn da maƙwabta gaba ɗaya.

Da kin sauka, kafin gajiya ta sake ki, ki yi abu uku. Ki haddace adireshin gidan kamar yadda kika haddace Ƙulhuwallahu, a kuma rubuta shi a manna a jikin firji. Ki san lambar gaggawa, 911, ki san yadda ake buɗe wayar gidan ko taki a kira. Sannan a rubuta miki kati da Turanci, da manyan baƙaƙe: wannan matar ta haihu ranar kaza, ga sunan asibitin, ga magungunan da take sha. In Turancinki bai da ƙarfi, ko yana da ƙarfi amma nasu na hanci ya fi ƙarfin kunnenki kamar yadda ya fi nawa, ki ce a haɗa ki da tafinta na Hausa. Asibitocin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wajibi ne su samar da tafinta kyauta, galibi ta waya. Kuma akwai doka tun 1986 da ta hana sashen gaggawa korar majinyaci ko mai naƙuda don ba shi da kuɗi ko inshora. Sai sun duba, sun daidaita shi, maganar kuɗi ta biyo baya.

Ɗakin haihuwa

Tawa ɗiyar fari ce, har yau ban taɓa kama sunanta ba. A al'ada ko ɗakin da take naƙuda bai kamata in doshi ƙofarsa ba. Na shiga, kuma ke ma ki shiga. Kunyar ɗan fari ki ajiye ta a filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, za ki tarar da ita inda kika bar ta in kin dawo.

Dalilina shi ne mu muka koya wa ɗiyanmu shiru. Ni da bakina na sha gaya wa mata a ɗakin haihuwa, "Yi haƙuri, cije, ba a kuka, kada a yi miki waƙa." Muna yabon wadda ta haihu ba a ji tarinta ba. To a can ma'aikaciya na tambayar mace ciwonta ya kai nawa daga 1 zuwa 10, ta rubuta abin da ta ji. Bahaushiya na cikin 9 za ta ce 4, har da murmushi, don kada a ce ta cika raki. Ki haɗa wannan da abin da baƙaƙen matan ƙasar suka daɗe suna kuka da shi, cewa ko sun yi magana ba a saurare su. Wadda ta yi ihu ma ba a ji ta ba, ina ga wadda ta cije?

Serena Williams, gwanar wasan tanis da duniya ta sani, ta haihu ta hanyar aiki a Satumbar 2017. Washegari numfashinta ya fara sarƙewa. Ta san jikinta, don ta taɓa samun gudan jini a huhu. Ta gaya wa nas tana bukatar hoton ƙirji da maganin tsinka jini, nas ta ɗauka maganin kashe zafi ne ya ruɗa ta. Sai da ta nace aka yi hoton, aka ga gudajin jinin a huhunta. Mace mai wannan suna da dukiya sai da ta yi naci, ke da ɗiyarki ba ku da dalilin jin nauyi.

Naci ba faɗa ba ne. Ki riƙe ɗan littafi da biro. Duk awon da aka yi ki tambayi lambar ki rubuta da lokacinsa. In kin ga abin da bai kwanta miki ba, ki faɗa a fili: ga abin da na gani, tun ƙarfe kaza, ina so likita ya zo ya duba. In an ce ba komai, ki tambaya me aka gwada aka tabbatar. In an yi shiru, ki ce a kira shugabar nas-nas ta wannan lokacin. In kun roƙi wani gwaji an ƙi, ku ce a rubuta a fayil cewa kun roƙa an ƙi. Na ga yadda wannan jimlar ke sa mutum ya sake tunani.

Bayan haihuwa, musamman in aiki aka yi, jinin da ya fi ban tsoro shi ne wanda ba ya fitowa waje. Ki kula ko tana jiri, tana gumi mai sanyi, zuciyarta na gudu, cikin na ƙara kumbura da ciwo, ko tana ta neman ruwa. Su sun saba gane ƙarancin jini a fuskar farar fata. Ke ki ja fatar idonta ta ƙasa ki duba, ki duba harshe da tafin hannu, kamar yadda muke yi a nan. Ɗan abin da suke maƙalawa a yatsa don auna iskar jini ma an gano yakan nuna lamba sama da gaskiya a baƙar fata, kuma baƙin lalle na iya rikita shi. In za ta yi ƙunshin haihuwa, a bar yatsa ɗaya ko biyu.

Ranar sallama kada ku fita sai an gaya muku ranar da za a sake duba ta. Tsohon tsari shi ne sai mako 6. Tun 2018 ƙungiyar likitocin mata ta ƙasar ta ce a tuntuɓi mai jego cikin mako 3 na farko, wadda ta yi hawan jini a duba ta cikin kwana 7 zuwa 10, in ya yi tsanani cikin awa 72. In ba su ba ku rana ba, ku nema.

Jajibirin suna

Mu a Houston muke, cikin watan Yuni, zafi irin na Sakkwato amma mai ɗanko kamar an rufe ka da jiƙaƙƙen bargo. Haihuwarta ta uku, shekararta 36, an yi mata aiki, duk tsawon cikin jininta lafiya lau. Aka sallame mu. Kwana shida da haihuwa, muna ta suyar cincin da wasu matan Hausawa biyu da suka zo taya mu, mijin ya tafi wurin ragon suna. Na shiga ɗaki na tarar ta ɗaure kanta tamau da ɗankwali, ta ja labule.

Na ce, "Ke, mi as same ki?"

Ta ce, "Ba komi, Inna, kaina ka ɗan ciwo. Rashin kwana ne."

Na ce tun yaushe? Tun jiya da dare. Ta sha magani? Ta sha Tylenol, wato farasitamol ɗinsu, sau biyu, bai sauka ba. Tana ganin wani abu? Ta yi jim, ta ce kamar ƙananan taurari na gilmawa. Na ɗauko abin awon da na je da shi, wanda jikokina ke ta yi mini dariya a kansa. 166 bisa 112. Na bar ta ta huta minti 15 na sake. 170 bisa 110.

Ta ce bari ta kira asibitin da take awo. Ina jin ta, mace mai digiri biyu, ta fara da ba da haƙurin damun su da ta yi, ta ce ɗan ciwon kai ne, ko lambar ba ta faɗa ba sai da na nuna mata takardar da yatsa. Wadda ta ɗauka ta ce duk mai sabon jariri na fama da ciwon kai, ta sha ruwa ta kwanta, ta auna kuma da yamma, in bai sauka ba ta zo ranar Litinin. Ɗiyata ta yi godiya ta ajiye waya. Ta ce, "Kin ji ko, Inna? Bari a ƙare suna."

Na ga mata da yawa sun yi jijjiga a hannuna, na san abin da ke biyo bayan taurarin nan. Na ce, "Tashi mu tahi. In ba ki tashi ba, ni ka kiran motar asibiti da Turancina na Mabera." Ɗaya daga cikin masu cincin ta ja mu a motarta. A teburin karɓar majinyata ban bari ta buɗe baki ba. Na ajiye katin nan da takardar awon, na ce ta haihu kwana shida da suka wuce, ga jininta, tana ganin walƙiya. Ba mu zauna a layi ba. Suka sa mata maganin saukar da jini ta jijiya, suka ɗaura mata ruwan magniziyam na awa 24, irin dai wanda muke ba masu jijjiga a nan. Washegari aka yanka rago aka raɗa suna, uwar tana kan gadon asibiti tana kallo ta waya.

Abin da ya same ta hawan jinin bayan haihuwa ne. Mutane sun ɗauka da an sauka shi ke nan an rabu da shi. Jinin mai jego yakan kai ƙololuwarsa ne tsakanin kwana 3 zuwa 6, daidai lokacin da take gida, kuma yana iya tasowa har mako 6, ko ga wadda ba ta taɓa yin sa ba. A Janairun 2017 ya kashe Shalon Irving, baƙar mace mai digirin digirgir, ma'aikaciyar CDC ɗin kanta, wadda aikinta shi ne binciken bambancin lafiya tsakanin baƙaƙe da farare. Mako 3 da haihuwarta. Ta je asibiti ba sau ɗaya ba tana cewa jikinta ba daidai yake ba, aka mayar da ita gida. A shekarar da na je kuma ana ta maganar Tori Bowie, 'yar tseren da ta ci zinare a gasar Olamfik, wadda aka tarar ta rasu a gidanta ita kaɗai da cikin wata takwas, tana da shekara 32, rahoton likita ya ambaci yiwuwar jijjiga.

To ga yadda za ki yi awon. Ki samu na dantse, ba na wuyan hannu ba, in tana da jiki a nemi mai babban maɗauri, don ƙarami na ƙara lamba. Ta zauna minti 5 ta jingina bayanta, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannun a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. Safe da yamma, aƙalla mako biyun farko, ki rubuta. In lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, a kira likita a ranar, a faɗi lambar tun a jimlar farko. In ta sama ta kai 160 ko ta ƙasa ta kai 110, kin sake bayan minti 15 tana nan, sai asibiti. Haka in akwai ciwon kan da ya ƙi jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko saman ciki, ko fuska da hannu sun kumbura har zobe ya ƙi fita. Da waɗannan ba a jiran lamba ma. Kuma duk inda kuka je, ko bayan wata takwas ne, kalmar farko ita ce ta haihu a wata kaza. Likitan gaggawa ba zai gane mai jego a fuska ba.

Wanka, kanwa da haki

Jinin biƙi kin san shi. In ta jiƙa auduga guda sharkaf cikin awa ɗaya, ko gudan da ya kai ƙwan kaza ya fito, ko jinin ya ja baya sannan ya dawo ja wur da yawa, ba na biƙi ba ne. Wari, ko zazzaɓi, ko wurin ɗinki ya yi ja yana ruwa, a kira likita. Abin awon zafinsu ba irin namu ba ne: in ya nuna 100.4, shi ne 38 ɗinmu, zazzaɓi ke nan. Ƙafa ɗaya ta kumbura ita kaɗai, ƙwauri na zafi da ciwo, kada ki murza, kada ki gasa. Gudan jini ne mai yiwuwa, murzawa na iya tura shi huhu. Don haka ma ba na son a kwantar da mai jego wuni guda a ce hutu ne. Ta riƙa tashi tana zagaya falo. Ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko suma, wannan 911 ne, ba a neman mai mota.

Yanzu maganar da za ta ɓata wa wasu rai. Mu nan Arewa muna da wani ciwon zuciya da ke kama mata daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata 5 bayan haihuwa, zuciyar ta saki ta kasa tura jini. Kowace tsohuwa ta san shi ko ba ta san sunansa ba: mai jego ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, tana tarin dare, a ce sanyi ne ya shige ta don ba ta gasu ba, a ƙara mata wuta da kanwa. Binciken da likitoci suka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, aka buga a 2007, ya samu kusan mace 1 cikin kowace haihuwa 100 a asibitin, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka ɗora zargi a kan wankan jego, kwanciya kan gadon wuta da kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan, musamman daga Kano, ya fi karkata ga talauci, rama da ƙarancin wani sinadari a jiki mai suna saliniyam. Su can suna ta muhawararsu. Abin da ba muhawara a kansa shi ne kanwa gishiri ce, gishiri na riƙe ruwa a jiki ya ɗaga jini, a daidai makonnin da jinin ke neman hawa da kansa. A Amurka ma ciwon zuciya ne kan gaba wajen kashe baƙaƙen masu jego. Jirgi bai canza mata jinin da ta gada ba.

Ni dai ban ba tawa kanwa ba ko kafin abin ya faru, bayansa kuwa ko a miyar kuka ban jefa ba. Kunun gyaɗa da na tsamiya sun kawo nono yadda ake so. Wanka na yi mata, da ruwa mai ɗumi da hannu ke iya zama a ciki, ba tafasasshe ba. Wadda aka yi wa aiki ba a fyaɗa mata ganye a ciki, ba a danna cikin, ba ta zama cikin ruwa sai likita ya ce ɗinki ya warke. Farfesu ta sha, amma na rage gishiri da dunƙule har mijin ya fara yi mini tsiya wai na zama Baturiya. Surukarta ta kira daga Gwadabawa tana tambayar ko yarinya na gasuwa, na ce tana gasuwa ƙwarai, Allah ya yafe mini.

In kin ga tana haki daga hawa bene ɗaya, ko tana tara filo uku kafin ta iya barci, ko ƙafafu na ƙara kumbura bayan mako guda maimakon su saɓe, ki ce a duba zuciyarta, a yi hoton zuciya. Ki gaya wa likitan daga Arewacin Najeriya take, inda wannan ciwon ya yi yawa.

Abin da ba a auna shi da na'ura

Da na ga jerin abubuwan da ke kashe masu jego a Amurka na yi mamaki, don na farko ba jini ba ne. Matsalar ƙwaƙwalwa ce, kusan kashi 23 cikin 100, wato kashe kai da shan ƙwaya fiye da kima. Za ki ce mu Musulmi ne, wannan ba namu ba ne. Ciwon bai tambayar addini. Kusan mace 1 cikin 8 a can na samun ciwon damuwa bayan haihuwa, kuma yarinyar da ta tashi a gida mai mutum talatin, ta koma ɗaki biyu da ba mai sallama daga safe har dare, ba ta fi kowa tsira ba.

Kuka ba dalili a makon farko ko na biyu, wannan yakan wuce. In ya zarce mako 2, ba ta barci ko jariri ya yi barci, ba ta cin abinci, ba ta son ɗaukar yaron, tana cewa ita ba uwar kirki ba ce ko gara ba ta nan, kada ki ce mata ta gode wa Allah wasu nema suke. Ta sani, shi ya sa take ɓoyewa. Ki zauna ki tambaye ta kai tsaye ko tunanin cutar da kanta ko yaron na zo mata. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. Akwai layin masu ciki da masu jego na ƙasa, 1-833-852-6262, dare da rana, kyauta, da kuma 988 in abin ya kai ga tunanin kashe kai. In kuwa ta fara jin muryoyi, tana sambatu, ta kwana biyu ido biyu, wannan da muke cewa iska ce ta taɓa ta, ki yi mata addu'a da tofi a cikin mota kuna hanyar asibiti, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jaririn ko na minti ɗaya. Ki karɓi yaron da dare ko sau ɗaya ta samu barcin awa huɗu a jere. Cikin duk abin da na yi a gidan nan, bayan awon jini, wannan ya fi amfani.

Mu arba'in muke ƙirgawa, mai jego ta yi kitso da lalle ta fita yawon arba'in, a ce ta tsallake. Su shekara guda suke ƙirga haɗarin. Ke kuma bizarki ba za ta kai shekara ba. Kafin in taho na zaunar da surukina, karon farko da na dube shi ido cikin ido, na koya masa awon, na sa ya yi a gabana sau uku, na bar masa na'urar da littafin. Na gaya wa ɗiyata wadda ta yi irin wannan hawan jinin tana cikin haɗarin hawan jini da ciwon zuciya nan gaba, don haka duk likitan da za ta gani har tsufanta ta gaya masa, kuma ta ba mahaifar da aka yanka hutu kafin wani cikin, wata 18 ake so. Har yanzu duk Juma'a in ta kira, bayan gaisuwa sai na ce nawa ya nuna.

Maƙwabciyata ta saurare ni har la'asar ta kusa wucewa. Ta ce to ita ba nas ba ce, ko lambobin ba za ta riƙe ba. Na rubuta mata 140 da 90, da 160 da 110, a bayan takardar kayan nata, na aiki jikana kemis ɗin bakin titi ya tambayo kuɗin na'urar, muka gwada a hannunta sau uku har ta iya ɗaurawa da kanta. Nata jinin ma ya nuna 152, don haka ita ma da sauran magana kafin ta hau jirgi. Kanwar kuma ta bar ta nan zaurena, na sa an jiƙa wa tumaki.